Kalmomin Japananci sun fi 4,000 a kaina amma in na buɗe baki ba abin da ke fitowa

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙanenmu ce da ke digiri na biyu a Japan, na ɗan rage mata tsayi.

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a arewacin Japan, shekarata ta biyu kenan da sikolashif ɗin gwamnatinsu. Tun ina gida na fara haddar kalmomi a Anki, manhajar katunan hadda, yanzu katunana sun haura 4,000, jarrabawar ƙwarewar Japananci ta JLPT matakin N3 ma na ci da maki mai kyau. Amma wallahi Malam in na tsaya gaban Bajapane sai kaina ya zama wayam, kalmar na san na santa amma sai na koma ɗaki take faɗo min. Kwanaki ciwon ciki ya kai ni asibiti, likita yana ta tambayata kirikiri ne ko mukamuka ban gane komai ba, da na zo tambayar yadda zan sha maganin na ce kusuri o toru sai nas ɗin ta tsaya tana kallona. 'Yan Chana da muka zo tare har hira suke da farfesa ana dariya. Ni fa mahaddaci ne, tun ina yaro na sauke, ban taɓa zaton hadda za ta ba ni kunya ba. Yanzu har gudun mutane nake, daga ɗakin bincike sai ɗakina. Ga iyalina za su biyo ni nan da 'yan watanni, ina tunanin wa zai yi mana magana a asibiti da makarantar yara. In ƙara yawan katin ne, ko dai ƙwaƙwalwar ce ta gaji in haƙura da Turancina?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau, kuma dan Allah kar ka ƙara sabon kati ko ɗaya a watan nan. Mutumin da ya riƙe kalma 4,000 na yaren da ba shi da dangantaka da nasa ko ta kusa ko ta nesa ba a ce masa mai gajiyayyar ƙwaƙwalwa, matsalarka a yadda kalmomin ke zaune a kanka take, yawansu ya isa ka yi hira tun tuni.

Tunda kai mahaddaci ne bari in bi ta inda ka sani. A musabaƙa alƙali zai ɗauko farkon aya daga duk inda ya ga dama kai kuma ka ɗora ba gargada, me ya sa hakan ke yiwuwa? Saboda kowace aya a ɗaure take da wadda ta gabace ta da wadda ke bin ta, ga sautin da kunnenka ya saba, ga ma'ana, wasu ma har inda take a shafi suke gani a ransu. Ta ko'ina aka taɓa sai sauran su biyo. To katunanka fa? Kowace kalma igiya ɗaya tak gare ta, kuma igiyar tana ɗaure ne da kalmar Turancin da ke bayan katin. Shi ya sa in manhaja ta nuna maka kalmar kake amsawa nan take, don ta riƙo maka bakin igiyar. A gaban likita kuwa ba wanda zai nuna maka kati, kai ne za ka taso daga abin da ke ranka ka nemo kalmar, kuma wannan hanyar ba ka taɓa bin ta ba sai ranar da kake cikin ciwo da fargaba.

Wannan ba tunanina ba ne ni kaɗai, masana sun fi shekara ɗari suna leƙen yadda kalmomi ke jere a kan ɗan Adam, kuma dabarar da suka fi amfani da ita mai sauƙi ce ƙwarai, a faɗa maka kalma ka faɗi ta farkon da ta zo maka. A 1910 wasu masu bincike biyu a Amurka, Kent da Rosanoff, suka gwada kalmomi 100 a kan mutum 1,000, sai aka ga mutane ba barkatai suke amsawa ba, tebur na jawo kujera, duhu na jawo haske, wajen mutane da yawa amsa ɗaya ce. A Japan ma Umemoto Takao ya fitar da irin wannan jadawalin a 1969 daga amsoshin ɗaliban jami'a 1,000. A 1971 kuma Meyer da Schvaneveldt suka nuna cewa mutum ya fi saurin gane kalmar likita in tana tare da nas a kan in tana tare da burodi, wato kalma ɗaya in ta motsa sai ta tashi maƙwabtanta tun kafin ka neme su. Abin da ke ba ɗan ƙasa saurin magana kenan, kafin ya gama faɗin kalma ta gaba ta riga ta miƙe tsaye.

Inda abin ya shafe ka shine da aka yi gwajin ga masu koyon baƙon yare. Paul Meara tun farkon shekarun 1980 ya lura amsoshinsu a warwatse suke, kuma sau da yawa kamannin sauti suke bi, ma'anar ba ta shigo ciki. Daga baya a 2001 Brent Wolter ya gwada Japanawa masu koyon Turanci tare da 'yan asalin yaren, sai ya ga abin ya danganta da zurfin sanin kowace kalma ita kaɗai, har ɗan ƙasa ma in aka ba shi kalmar da bai sani sosai ba amsar sauti ko wadda ba ta da kai yake bayarwa. Ni wannan binciken ya fi kwantar min da hankali, don yana nufin ba wani gini ne na daban a kan baƙo ba, kalma ce ke nuna a hankali ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda ka yi mu'amala da ita.

Gwada kanka yau da dare. Ɗauko kalma ashirin daga katunanka waɗanda Anki ke cewa ka gama da su, ka ba wani ya karanto maka, kowacce ka faɗi kalmar Japananci ta farko da ta zo maka cikin daƙiƙa uku. In an ce kasa, wato lema, kanka ya ba ka Turancinta ko ya ba ka kasu saboda suna kama a kunne ko ya yi shiru, to ba ka mallake ta ba tukuna. Bajapane in ka ce masa kasa abin da zai fi zuwa masa irin su ame ne, ruwan sama, ko sasu, aikatau ɗin da suke buɗe lema da shi. Ka yi wa abokin zamanka Bajapane wannan gwajin da kalmomin nan dai ka rubuta amsoshinsa kusa da naka, abin da za ka gani a takardar nan ya fi duk bayanin da zan yi maka.

Yanzu maganar kusuri o toru. Ka lura da abin da ya faru, Turanci ne ya ja ka ya kai ka ga toru, wato ɗauka, alhali da ka bi ta Hausarka da ka dace, mu shan magani muke su ma kusuri o nomu suke cewa ko da ƙwaya ce. Mu ɗaukar hoto su shashin o toru. Ba kullum ake dacewa ba, taba mu sha muke su tabako o suu, zuƙa kenan, mafarki mu yi muke su yume o miru, ganinsa suke, mura mu kama mu take su kaze o hiku. Amma dai ka daina ajiye Hausarka a bakin ƙofa in za ka shiga aji, akwai wurare da yawa da ta fi Turanci kusa da Japananci. Kunnenka ya riga ya san dogon wasali da gajere, ya san baƙi mai nauyi, ya san karin sauti, shi ya sa bambancin obasan da obaasan ko kite da kitte ko ame na ruwan sama da ame na alewa bai kamata ya wahalar da kai kamar yadda yake wahalar da Bature ba.

Babban abin da nake so ka canza shine daga yau kar ka ƙara riƙe suna ba tare da aikatau ɗinsa ba. Kai kanka ka san ba wanda zai ce ya iya kalmar ci a Hausa don ya san cin tuwo, sai ya san cin kasuwa da cin jarrabawa da cin amana da cin bashi. Kakeru ɗinsu haka yake, megane o kakeru sa tabarau, denwa o kakeru buga waya, kagi o kakeru kulle ƙofa, koe o kakeru yi wa mutum magana, meiwaku o kakeru ɗora wa mutane ɗawainiya, kuma wannan na ƙarshen za ka ji shi kullum a ƙasar nan don rabin ban haƙurinsu a kansa yake. Katin da ya ce maka kakeru rataya ne kawai ya cuce ka. Haka sa kaya, riga kiru, wando da takalmi haku, hula kaburu, zobe hameru, mu ma ai muna da ɗaura zani da naɗa rawani da yafa gyale. Hula da kaburu tare za su shiga kanka a matsayin abu ɗaya, boushi o kaburu, ta yadda in ɗaya ta taso ɗayar na manne da ita. Akwai shafi na kyauta a intanet da ake kira NLB, an gina shi a kan taskar rubutun Japananci ta cibiyar binciken harshe ta ƙasarsu da ke Tachikawa, taskar ta kai kalmomi wajen miliyan 100, ka rubuta aikatau ya jero maka sunayen da suka fi tafiya da shi daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ka ɗauki na sama guda huɗu ko biyar ka bar sauran.

Sai kanji, haruffan da suka aro daga Sinanci, inda 'yan Chana suka fi ka. Kar ka haɗa kanka da su ƙanena, ba adalci ka yi wa kanka ba. Wani babban kaso na kalmomin Japananci, waɗanda ake kira kango, daga Sinanci aka aro su ko aka ƙera su da tubalinsa, kuma su ne suka cika littattafan ilimi da jarida da takardun ofis, to wanda ya tashi yana karanta waɗannan haruffan tun firamare ya zo da rabin saƙar a kansa. Yaron Japan ma shekara shida yake yi kafin ya gama 1,026 na firamare, jerin da gwamnati ta tsayar na amfanin yau da kullum kuwa 2,136 ne tun 2010. Kai abin da za ka yi shine ka mai da kanji mahaɗa. 電 den ne, lantarki, daga shi sai denwa waya, densha jirgin ƙasa, denki wuta, denchi batir, kalma huɗu a ƙugiya ɗaya. Ɓangaren ruwa 氵 yana gefen 海 teku da 池 tafki da 泳 iyo da 洗 wanki. Akwai kuma wanda ɗalibai da yawa ba a faɗa musu da wuri, ɓangaren da ke ɗauke da sauti, 青 ana karanta shi sei, to 晴 da 清 da 精 da 静 duk suna da karatun sei. Kuma kanji ne zai raba maka kalmomin da kunne ba ya rabawa, kouen na iya zama 公園 wurin shaƙatawa ko 講演 lakca ko 公演 wasan dandamali, Bajapane maƙwabtan kalmar ne ke gaya masa wacce ake nufi, in ya ji sanpo yawo ya san ta farko ce, in ya ji kyouju farfesa ya san ta biyu ce.

Akwai wani layin kuma da katin Turanci ba ya nunawa sam, wato da wa ake faɗin kalmar kuma a ina. Abu ɗaya sai ka same shi da suna uku, na asalin yaren da na Sinanci da na aron Turai, yadoya da ryokan da hoteru duk masauki ne amma hoton da kowanne ke kawowa daban. Taberu ci ne, in farfesa ne ke ci meshiagaru, in kai ne a gabansa itadaku. Mahaifiyarka in kana ba wani labarinta haha, ta wani okaasan. Wannan bai kamata ya zame maka baƙo ba kai da ka tashi inda ake cewa maigida ya rasu ba a cewa ya mutu. A bayan kowane kati ka rubuta bakin wa ka ji kalmar, kuma wa yake yi wa magana.

Kirikiri da mukamuka da suka ɗaure maka kai a asibiti wani rukuni ne mai zaman kansa, kalmomin kwaikwayon sauti da yanayi, kuma littattafan jarrabawa ba sa ba su haƙƙinsu alhali bakin mutane cike yake da su. Kirikiri ciwo ne mai suka kamar ana murɗa tsinke, mukamuka tashin zuciya, shikushiku ciwon ciki mara ƙarfi da ya ƙi tafiya, zukizuki mai bugawa kamar na haƙori, gangan kai na sarawa, hirihiri raɗaɗin fata. Ruwan sama zaazaa in ana sheƙawa, shitoshito in yayyafi ne mai naci. Mu masu fari fat da baƙi ƙirin da ja wur da cika maƙil ba mu da uzurin jin tsoronsu, kuma kamar namu kowacce tana da abokiyar zamanta da ba ta rabuwa da ita, i ga mukamuka suru, atama ga gangan suru, haka za ka riƙe su dunƙule.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai, don in aka ce wa ɗalibi ya haɗa kalmomi sai ya je ya jera launuka goma ko gaɓoɓin jiki ashirin ya ce zai haddace rana ɗaya. Tinkham a 1993 da Waring a 1997 sun nuna sabbin kalmomi 'yan gida ɗaya in aka koye su lokaci guda sun fi wuyar shiga, suna cakuɗewa, kuma kai ka fi ni sanin wannan don ayoyi masu kama da juna nan ne mahaddaci ya fi sarƙewa. Migi da hidari, dama da hagu, akeru da aku na buɗewa, shimeru da shimaru na rufewa, ka bar ɗaya ta zauna daram tukuna kafin ka kawo 'yar uwarta. Abin da ke taimako shine haɗin fage guda, asibiti misali, uketsuke wurin karɓar baƙi, hokenshou katin inshora, netsu ga aru akwai zazzaɓi, shokugo bayan cin abinci, kusuri o nomu. Suna da aikatau da sifa da suke faruwa wuri ɗaya, kowacce na kiran ta gaba kamar labari.

Wata saƙar kuma ba ta cikin ƙamus ko wanne iri, sai ka zauna da mutane. Sakura a katinka sunan fure ne, a kan Bajapane tana jawo bazararsu da hanami wato fita kallon furanni da bikin shiga makaranta, don a watan Afrilu shekarar karatu ke farawa. Natsu na jawo semi ƙwari masu kuka a bishiya da hanabi wasan wuta da kankana. Fitilar hanya da ke cewa a wuce ao wato shuɗi suke ce mata duk da kai kore kake gani. Ruwa mizu ne amma ruwan zafi ba mizu ba ne, oyu ne, suna ne daban. In ana hira aka yi dariya kai ba ka gane ba, galibi irin wannan zaren ne aka taɓa, kuma ba wayo 'yan Chanan suka fi ka ba, zama suke a wurin ana yi da su. Shi ya sa gudun mutanen da ka ce kana yi ya fi komai damuna a wasiƙarka, ya fi maganar katin nesa ba kusa ba, don yana yanke maka hanyar da kalmomin za su nuna, kuma kaɗaici a ƙasar sanyi ba abin wasa ba ne ga lafiyar mutum. Yawancin biranensu akwai ajin Japananci na 'yan sa kai a ƙarƙashin ƙungiyar hulɗa da baƙi ta gari, kyauta ko da kuɗi kaɗan, dattawa ne da yawansu masu lokaci da haƙuri, ka tambaya a ofishin birni ko ofishin ɗaliban waje. In ka je ka roƙe su ku yi wasan nan da yaransu suka sani, majikaru banana, wani ya ce banana to ittara kiiro, in an ce ayaba sai rawaya, na gaba ya ɗora daga rawaya, haka har wani ya kasa. Minti goma na wannan da baki ya fi awa guda kana latsa waya kai kaɗai.

Anki ɗin kar ka goge shi, maimaici a kan lokaci yana aiki, kai dai ka juya katunan. Gaba jumla ce gajera da ka ji ko ka karanta da kanka da gurbi a inda kalmar take, baya kuma amsar, kuma ka faɗe ta da murya kafin ka duba. Waɗanda ba ka taɓa haɗuwa da su a waje ba ka dakatar da su ba tare da jin ciwo ba. Lokacin da ka samu ka zuba shi a karatu mai sauƙi mai yawa, labaran NHK na sauƙaƙƙen Japananci da ƙananan littattafan tadoku, wato na yawaita karatu, wanda za ka karanta ba ka buɗe ƙamus kowane layi ba, don nan ne za ka ga tsofaffin kalmominka da maƙwabtansu sau da yawa har su manne. Kar kuma cin N3 ya ruɗe ka ko ya sa ka zargi kanka, JLPT ba ta da ɓangaren magana ko na rubutu, ganewa kawai take aunawa, zaɓi ne cikin amsoshi, don haka abin da ka horar da kanka a kai shi ka ci. N2, matakin da ke gaba da N3, ana yin ta Yuli da Disamba, ba inda za ta je, ka bar ta zuwa zagaye na gaba.

Maganar iyali kuwa, ka daina kallon ta a matsayin dutse ɗaya. Fage nawa ne za ku shiga a watan farko? Ofishin birni wajen rajistar adireshi da inshora, asibitin yara, hoikuen gidan renon yara ko youchien makarantar nazare, kantin magani, sai tambayar ko abinci na da naman alade ko giya a ciki. Kowane mako ka ɗauki ɗaya, ka rubuta abin da za a tambaye ka da abin da za ka amsa, ka kai wa dattawan ajin nan su gyara maka su yi maka likita ko ma'aikacin ofis kai kana amsawa har sai bakinka ya saba. Ka fara da asibitin yara. In kuma ranar ta zo abu ya yi tsanani, neman tafinta ba gazawa ba ce, ka tambayi ofishin birninku tun yanzu ko suna da masu fassara na asibiti ka ajiye lambar a wayarka da ta Madam. Ita ma in ta iso ku riƙa zuwa ajin tare, kuma kar ka miƙa mata katunanka 4,000, ka fara mata da jumlolin da ka riga ka gwada a bakin mutane. Allah Ya kawo su lafiya, Ya ba da sa'ar karatu.